Dubu ashirin da biyar za ta kai ni da uwargida yawon wuni ɗaya a wajen Kano?

Baban Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah ban da tsokana. Watan gobe aurenmu zai cika shekara shida. Shekaranjiya da daddare muna hira uwargida ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba mu taɓa fita mu biyu ba, sai dai asibiti, ko biki, ko gaisuwar rasuwa. Na buɗe baki zan musa, na laluba na rasa abin kamawa. Gaskiya ta faɗa.

Ina so wata Asabar in ɗauke ta mu bar Kano tun da safe, mu zaga ƙananan garuruwan da ke kusa, mu dawo kafin magariba. Ba na son gidajen abincin nan na cikin gari, inda faranti biyu da lemo za su cinye kuɗin cefanen mako. Abin da na ware dubu ashirin da biyar ne, har da mai. Motata ƙarama ce, tsohuwa, amma ba ta da shan mai sosai. Yara za su wuni wajen kakarsu. Ina ya kamata mu nufa?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Shekara shida, dubu ashirin da biyar. Na raba, kowace shekara ta tashi a dubu huɗu da 'yan kai. Bakano ke nan, ko soyayya sai ya nemi ragi.

Baban Biyu: Na ce ban da tsokana, ga shi kai ka fara zuwa. Ku da kuke kai matanku kallon ganuwar da ta rushe, me za ku faɗa mana?

Gwauron Dole: Ka kai ta Daura kawai. Ga rijiyar Kusugu, ga fadar sarki, ga tarihin Bayajidda da Daurama. Ta ɗebi ruwan rijiyar da hannunta, ku ɗauki hoto. A hanya ku tsaya Kazaure ku ga duwatsu da ruwa. Ai an gama.

Tsohon Direba: Daura gari ne, ba wanda ya ce ba gari ba ne, amma ba da wannan kuɗin ba. Ɗana, lissafin hanya daga tanki ake fara shi. Ƙaramar mota irin taka, ka ɗauka kowace lita za ta ba ka kilomita goma, in ta ba ka fiye to riba ce. Kano zuwa Daura da dawowa ya haura kilomita 200 nesa ba kusa ba. Lita ashirin da wani abu ke nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafin ya daina zama abin wasa. Za ku isa Kusugu, ku sha ruwan rijiya, shi ne kuma abincin ranarku.

Ka zana wa kanka da'irar da ba ta wuce kilomita 70 daga gida ba. A cikinta kana da Kura da Kadawa da Tiga ta hanyar Zariya, Wudil da Gaya ta hanyar Maiduguri, Dambatta ta hanyar Daura, Gezawa da Minjibir ta gabas. Ka zaɓi hanya ɗaya tak. Wanda ya ce zai haɗa biyu a wuni ɗaya, a kan kwalta zai wuni.

'Yar Wudil: Ku zo garinmu mana. Kilomita arba'in ne da 'yan kai, ga kogi, ga gada, ga kifi. Sai dai Asabar ba ranarmu ba ce. Wudil ranar Juma'a take cika, ranar da kasuwa ke ci, kara ta cika da shanu har ido ya gaji. Yaya, in za ka iya samun hutun Juma'a, ku fito da sassafe, ku zaga kasuwa, ka yi sallar Juma'a a can, ku ci kifi ku juya.

Uwar Marayu: Haba 'yar'uwa. Mace ta yi wanka ta sa kayan fitarta, a kai ta kara cikin ƙura da kashin shanu? Ni dai in mijina ya yi mini haka sai na tambaye shi laifin da na yi masa.

'Yar Wudil: Hajiya ai ba cikin shanun za ta kwana ba. Ni na ga matan birni da suka zo suka ƙi tafiya. Kowa da abin da yake burge shi.

Ɗan Kura: Malam Baban Biyu, bari in ja ka zuwa namu ɓangaren, in kuma gaya maka dalili. Daga Na'ibawa zuwa Kura bai fi rabin awa ba in hanya ta yi kyau. Mutane suna wucewa ta gefen garin kullum a hanyarsu ta Zariya da Kaduna, shinkafa kawai suka san mu da ita. Amma rawanin nan baƙi mai sheƙi da kake gani a kan Buzaye, wanda yake barin shuni a goshi, turkuɗi, a Kura ake yin sa, shi ya sa ma ake ce masa ɗan Kura. Daga nan yake tafiya har Agadez. Sana'ar ta ja baya, ba kamar zamanin kakanninmu ba, amma har yanzu akwai masu yi. In ka shiga gari ka tambayi inda 'yan bugu suke, kunnenka ma zai kai ka, don sautin bugun yana tashi kamar kiɗa. Ba tikiti, ba mai gadi. Sallama ce kawai da gaisuwa, sai ɗan abin goro in ka ga dama.

Daga nan ku miƙe Kadawa. Watan gobe lokacin noman rani ne sosai, za ku ga kore shar har iyakar ganinku alhali ko'ina ya bushe: tumatir, albasa, alkama, masara. Ruwan da ke bin magudanan nan duk daga Tiga yake zuwa, madatsar da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970. To ku bi ruwan har gidansa. Ku yi azahar a Tiga, ku ci kifi, ku zauna bakin ruwa, ƙarfe huɗu ku kamo hanya. A dawowa ku tsaya Kwanar Gafan ku sayi tumatir, a nan za ka mayar da wani abu daga kuɗin manka, don farashin can da na kasuwar unguwa ba ɗaya ba ne.

Tsohon Direba: Wannan ta zauna. Tiga kusan kilomita 70 ce. Zuwa da dawowa da 'yan shige-shige, ka sa lita goma sha biyar ko sha shida. Fiye da rabin kuɗinka ya tafi, amma saura zai ishe ku in ba ku yi hauka ba. Ka duba safaya tun ranar Juma'a, ka duba jak. Kuma kada daɗin hanya ya ja ka ka wuce Tiga ka ce bari mu leƙa dajin Falgore. Ka tsaya inda mutane suke.

Mai Lissafi: Ni ban ga dalilin ɗaukar mota ba ma. Ku hau ta haya daga Na'ibawa ko Unguwa Uku, ku sauka Kura, a cikin gari ku hau acaɓa. Kuɗin motar mutum biyu ba zai kai rabin kuɗin man nan ba. Abin da ya ragu ka saya mata atamfa.

Uwar Marayu: A motar haya mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhun albasa a kan ƙafarta, wani ƙato yana gyangyaɗi a kafaɗar mijinta. A nan za su yi hirar? Malam Mai Lissafi, kai da ganin ka ba ka taɓa fita da mace ba.

Mai Lissafi: Hajiya mata biyu gare ni.

Bazazzagi: Shi ya sa yake neman ta haya. Duk abin da ya kashe ranar Asabar sai ya sake kashe irinsa ranar Lahadi, in ba haka ba a kai shi gaban malamai.

Kawu Na Fagge: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina mamaki. Yaushe muka koma haka? Iyayenmu sun yi shekara arba'in, hamsin da aure, ba wanda ya ɗauki matarsa ya kai ta kallon ruwa. Wannan ɗabi'ar Turawa ce da kuka kwaso a waya. Mace darajarta ɗakinta. Kuɗin nan ka sayo rabin buhun masara ka ajiye, ya fi maka.

Malamar Islamiyya: Kawu, da girmanka, a nan kam ban bi ka ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a halin tafiya, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata. Ba daga waya aka kwaso wannan ba. Mutum da halalinsa, cikin suturarta, da rana tsaka, su je su ga gonaki da ruwa su yi sallah a masallacin garin, ina aibin? Iyayenmu kuma da kake faɗa, da yawansu tare suke tafiya cin kasuwar ƙauye da ganin gida, a ƙafa ko a kan jaki, suna tafe suna hira. Mu ne birni ya kulle.

Kawu Na Fagge: Malama na ji hadisi, ba na ja da shi. Amma dai masarar ma a duba ta.

Amaryar Gobe: Don Allah ni ma in tambaya. An sa mana rana, saura wata uku. Zai yiwu mu ma mu yi irin wannan fitar da shi?

Malamar Islamiyya: Ƙanwata, sa rana ba ɗaurin aure ba ne. Ki yi haƙurin wata ukun, Tiga ba za ta ƙafe ba. In kuma dole sai an fita, to da sanin iyaye, da yayanki ko ƙannenki a motar.

Gwauron Dole: Da ƙanne uku a baya kuwa dubu ashirin da biyar ko Kura ba za ta kai ba. Na gwada. Yaran nan ba su san kunya ba a gaban mai tsire.

Inna Mai Waina: Duk kun yi ta lissafin mai da taya, ba wanda ya taɓo abin da ke cinye kuɗi da lokaci a irin wannan tafiyar. Ɗana, ina tambayar ka: kai ko ita, akwai mai dangi a Kura, ko Garun Malam, ko Bebeji?

Baban Biyu: Inna akwai ƙanwar babana da ke aure a wajen Rano. Ita kuma uwargida danginta duk cikin birni suke, sai wasu a Bichi.

Inna Mai Waina: To Rano ta fita daga lissafi, Bichi ma haka, ko da wani ya ba ka shawararsu. Rano gari ne mai tarihi, ɗaya daga Hausa Bakwai, ga duwatsu masu kyau, amma ba ranar ba. Ka shiga garin da kake da gwaggo ka fita ba ka gaishe ta ba, kafin ka iso Kano labari ya riga ka, wani ya ga motarka. In kuma ka shiga gaishe ta, wunin ya ƙare. Za a shimfiɗa tabarma, a kama kaza, a aika a kira na gona. Matarka ta shige cikin gida wajen mata, kai kana zaure da maza, ba za ku sake haɗa ido ba sai la'asar. Sannan ba za ka shiga hannu rabbana ba, sai da sabulu da sukari, in za ka fito kuma ga tsofaffi ga yara, kowa sai ka ɗan miƙa masa. Zumunci ne, lada ne, amma a ware masa ranarsa da kuɗinsa. Wannan ranar ku je inda ba wanda ya san sunan kakanku.

Tsohon Direba: Wallahi Inna ta faɗi abin da shekara talatin a kan hanya ba su koya mini ba.

Mai Lissafi: Sai batun abinci. Kada ku sayi komai a hanya. Ta tashi da asuba ta yi dafa-duka ta zuba a kula, ta haɗa zoɓo, ta soya ɗan nama. An rage dubu biyar ke nan.

Uwar Marayu: Ka ji ko! Ranar da aka ce an fitar da ita ta huta, ita ce za ta tashi tun assalatu tana fama da albasa, ta shirya yara, ta kai su gidan kaka, ta shiga mota a gajiye tana warin hayaƙi, da daddare kuma ta dawo ta tarar da tukwane suna jiran ta. Wannan ai ɗauke kicin aka yi aka kai shi bakin ruwa. Baban Biyu, in ka ga dama ka ji tawa: ranar kada ta kunna wuta. Ka sayi gurasa da safe, ka dafa ƙwai da hannunka, ba ya gagarar kowa. Ruwa ku ɗauka daga gida. Kuɗin da za ka kashe na marmari ka tara shi wuri ɗaya, kifin Tiga, ta zaɓa da kanta a soya mata, ta ci abin da ba ita ta dafa ba.

Kuma ka tambaye ta. Na ga kuna ta yanke mata gari kamar ba ta da baki. Wataƙila ita kasuwa take so, wataƙila ruwa.

Baban Biyu: Na so in yi mata ba-zata ne.

Uwar Marayu: Ba-zata ga mai goyo da wanki? Ka gaya mata tun Laraba ta san yadda za ta yi da kitso.

'Yar Wudil: Abu ɗaya zan roƙa, tunda ruwa za ku. In masu kwale-kwale sun ce ku zo a zaga da ku, in babu rigar ruwa kada ku hau, komai arharsa. Mu da muka tashi a bakin kogi mun san abin. Ba mu manta da hatsarin Bagwai na ƙarshen 2021 ba, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya. Daga gaɓa ma ana ganin ruwa.

Ɗan Kura: Haka ne. Ƙari kuma: ku riƙe kuɗi a hannu, 'yan canji, kada ku dogara da tura kuɗi ta waya, sabis yana yankewa. Kafin ku ɗauki hoton mutum a bakin sana'arsa ku nemi izini. A jikin madatsar ma ku tambayi ma'aikatan wurin inda aka yarda a tsaya. Ku ɗauki tabarma da buta.

Inna Mai Waina: Na manta ɗaya. Daga fita har dawowa, ban da zancen kuɗin makaranta, ban da kuɗin haya, ban da abin da uwarka ta ce da abin da tata ta ce.

Baban Biyu: Inna in an cire waɗannan me ya rage?

Inna Mai Waina: Ka je ka gani.

Baban Biyu: Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto, tunda wasu sun bi ni har ta akwatin sirri suna tambaya. Mun je jiya. Na tambaye ta kamar yadda Hajiya ta ce, ko numfashi ba ta ja ba ta ce ruwa. Ashe ita ba ta taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba.

Mun fita bakwai da rabi. Inna, dokarki ta kusa kashe mu. Daga gida har muka wuce Kwanar Dawaki ba wanda ya ce uffan. Sau biyu na ɗauko zance, na ga ya nufi kuɗin makaranta, na haɗiye. Ita ma na ga tana buɗe baki tana rufewa. Sai muka kalli juna muka fashe da dariya.

A Kura wani yaro ya raka mu wajen masu bugu. Muna tsaye muna kallo, sai na ga ta yi shiru, ta sa yatsa ta shafi ƙyallen, ta kalli shunin da ya kama mata hannu. Da muka koma mota ta ce kakanta na wajen uwa marini ne a Ƙofar Mata, tana ƙarama takan kai masa fura, hannunsa har ya rasu bai daina baƙi ba, in ya shafa kanta sai ta gudu tana kuka kada ya ɓata mata kitso. Shekara shida muna ɗaki ɗaya ban taɓa jin wannan ba. Daga nan har Tiga ita ke magana, ni ina tuƙi.

Matsala ɗaya, taya ta yi faci bayan Kadawa. Baba Direba, safayar na duba, jak ɗin ne na manta a gida. Wani mai a-kori-kura ya tsaya ya ara mana nasa, ya ƙi karɓar ko sisi.

Lissafi, don Mai Lissafi ya samu barci: mai dubu 14, gurasa da ƙwai 1,500, rake 500, yaron da ya raka mu 500, faci dubu 1, kifi dubu 4, tumatir da albasa dubu 3. Rabin tumatirin da raken muka sauke wa kakar yara. Zoɓo ita ta dage ta haɗa tun daren Juma'a, na hana ta ƙi.

Bazazzagi: Na tara, 24,500. Ina ɗari biyar ɗin? Na san Bakano, ta koma asusu.

Baban Biyu: Alewar yara. Ka je ka tambaye su.

Kawu Na Fagge: To, tunda har an dawo da tumatir, ba a yi asara duka ba.

Uwar Marayu: Wa ya wanke kwanukan dare?

Baban Biyu: Hajiya ba a yi girki ba, sauran kifin muka ci da gurasa. 'Yar Wudil, uwargida ta karanta abin da kika rubuta, ta ce ita fa tana son ganin shanun. Bayan salla in Allah ya kai mu zan nemi hutun Juma'a ɗaya. Ƙarfe nawa ya kamata mu iso?

'Yar Wudil: Ku iso kafin goma, rana ba ta yi zafi ba. Ta sa takalmi rufaffe, kuma kada ta sa farin mayafi.